Yayar Maniru Tsawa

Talata, 9 ga Oktoba 1984, bayan la'asar

An yanke hukunci. Shekara goma sha huɗu.

Mun dawo daga Sakkwato a kiya-kiya ni da maigidana Malam Sodangi. Kusa da Sifawa na sa direba ya tsaya, na sauka na yi amai a gindin geza. Wata tsohuwa a motar ta ɗauka ciki ne, ta ce Allah shi raba lafiya. Na ce amin.

Zan rubuta sunansa sau ɗaya don kada in sake. Maniru, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ake kira Tsawa, mai gitar lantarki, mai kiɗan rok, wanda samari daga nan Bodinga har Gusau suke tara gashi don su yi kama da shi. Ni na goye shi.

Alƙali ya karanto laifuffukan da Turanci, tafinta yana juyawa. Da ma an bar su a Turancin. Da na ji su da Hausa, da kalmomin da muke magana da su a gida, sai na ji kamar an tuttula mini ruwan kwata a kunne. Yara ne. 'Yan garinmu Shagari, 'yan unguwarmu, babbar cikinsu ba ta isa fara azumi ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Da za a fita da shi ya juyo ya ɗaga wa samarin da suka cika bayan kotu hannu, yana murmushi, irin yadda yake yi in ya hau dandali. Wasu suka ɗaga masa.

Laraba, da azahar

Na je makaranta. A ɗakin malamai sannu kawai ake yi mini, kamar an yi mini rasuwa. Da rasuwar ce da na san yadda zan amsa. Hedimastanmu Malam Mode ya ce in ina son hutu in ɗauka. Na ce 'yan aji uku na jira na.

Ina rubutu a allo na ji ana kaɗa tebur da yatsu a baya. "Ruwan Bana" ce, waƙarsa da ta cika ko'ina lokacin zaɓe. Na juya na yi musu ihun da ban taɓa yi wa yara ba, har malamin aji huɗu ya leƙo. Ba laifinsu ba ne. Tun suna rarrafe suke jin ta.

Waƙar tana kaina har yanzu. Da ita na yi alwala.

Alhamis, magariba

Na wanke hannu na zauna gaban tuwo. Na tashi na sake wankewa. Ban ci ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Malam Sodangi ya ce liman ya yi huɗuba a kan amanar 'ya'yan maƙwabta. Bai kama suna ba, amma sahu guda suka waiwayo suka dube shi. Cikinsu har da waɗanda bara suke bin sa yana shigar da su wurin wasa kyauta don shi surukin Tsawa ne.

Ina ta tuna ranar da ƙanen nawa ya dawo daga Ikko bayan ya gudu daga makaranta. Kai kamar kwando, takalmi mai tsayin turmi, wando ƙasansa na share hanya. Baba ya dube shi ya shige ɗaki, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara yi masa magana ba. Ni kuwa dariya na yi ta yi. Kiɗan nasa ban taɓa gane kansa ba, kamar injin niƙa ya haɗu da kukan jaki, amma in ya buɗe baki da Hausa a kan wannan hayaniyar sai ka ga fili ya ruɗe. Da aka shiga siyasa manya suka ɗauke shi. Kowane taro sai da shi. Ya gina gida a bayan na Inna, ya sa janareto, ya zuba kayan kiɗa. Yara suna cika ƙofar da yamma. Ya ce amshi yake koya musu. Yana raba alewa, yana barin su riƙe abin magana.

Ba zan ci gaba ba.

Direban motar Shagari ya tsaya a ƙofa ya ce Inna na nema na gobe.

Lahadi, 14 ga wata, da hantsi

Jiya na je Shagari. Hanya duka gero ne ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna a buɗe, ba abin sawa. A irin wannan shekara mutane ba su da zance sai nasa.

Ƙofar gidansa an watsa mata kashin shanu. Gefe guda kuma samari sun shimfiɗa tabarma sun ƙure kaset ɗinsa, wai suna nuna suna tare da shi. Ban san wanne ya fi tayar mini da zuciya ba.

Inna ta rame. Ba ta kiran sunana don ni ce ta fari, "ke" kawai take cewa, shi kuma Auta. Ta riƙe hannuna tana ta faɗin sharri ne aka yi wa Auta, hassada ce, tun yana ƙarami mutane ba sa son ganin sa da abu. Ba ta je kotu ba ko sau ɗaya. Ni na je.

Can sai ga yayanta, Kawu Arzika. Ya zauna a kujera, na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana jan carbi kafin ya shigo zancen. Za a ɗaukaka ƙara. Lauya ya ce in wasu iyayen suka janye, suka ce ingiza su aka yi, akwai hanya. Gidaje biyu an fara lallaɓa su. Wanda ya gagara shi ne gidan Bala, don Bala ne ya tsallake dattawan unguwa ya kai magana wurin 'yan sanda a Sakkwato, kuma ɗiyarsa Atika ce ta yi bayani gaban alƙali. Matar Bala kuwa Rahamatu ce. Tare muka yi tallar gyaɗa, tare aka yi mana kitson sallah, ita ce ta riƙe mini kai ranar da aka kai ni gidan Malam.

Kawu ya ce, "Safinatu, ba mu ce a yi ƙarya ba. A ce dai yarinya ta ruɗe. Yaro shina ruɗewa. Ke ɗai Rahamatu ka jin kunya."

Na ce zan yi tunani. Ya ce ba abin tunani a nan, jini ne.

Da zan taho Inna ta ba ni kwanon dambun nama da fura a ƙullin leda, ta ce in kai wa Auta ranar ziyara, don shi ba ya cin abincin ko'ina. A shekarar da ba ta da geron kunu, akuyarta ta yanka.

Litinin, da asuba

Kwanon yana kan kabad. Ɗakin duk ƙamshinsa.

Laraba, 17 ga wata, bayan la'asar

Na je gidan yari.

An aske shi. Abin da ya fara nuna mini ke nan, yana shafa kan: "Yaya, kin ga abin da sunka yi min?" Bai rame ba. Ya ce 'yan ɗakinsu suna roƙon sa ya yi musu waƙa, har suna bar masa wuri kusa da taga. Ya tambayi gitarsa, ko an lulluɓe ta. Ya tambaya ko Ɗanmalam mai yi masa ganga bai kwashe lasifikoki ba. Ya tambaya ko gidan rediyo na sa waƙoƙinsa. Ya ce in gaya wa Kawu ya aiko da man shafawa, sabulun wurin yana busar masa da fata. Sannan ya rage murya ya ce ai na sani duk siyasa ce, ya yi wa waɗanda aka kifar waƙa, shi ya sa aka nemo abin da za a shafa masa.

Na bar shi ya gama. Ina kallon hannuwansa a kan benci. Ya bar farcen dama sun yi tsawo saboda kiɗa, har yanzu bai yanke ba.

Na ce, "Maniru, dube ni. Ka yi ko ba ka yi ba?"

Ya buɗe kwanon, ya ɗebi dambun ya watsa a baki. Yana tauna ya ce, "Haba Yaya. Yara na hwa. Mi sunka sani? Kwana biyu sun mance. Manya na sunka ruruta abin."

Akwai ɗan zaren nama a gefen bakinsa. Shi nake ta kallo.

Na tashi. Ya bi ni da murya yana cewa in tabbata na ga Rahamatu, in kuma zan dawo in ce wa Inna ta ƙara yaji. Gandiroban da ya buɗe mini ƙofa ya ce, Hajiya lafiya? Na ce lafiya.

Ga shi na sake rubuta sunan.

Alhamis, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na tattaro fayafayansa da kaset-kaset da hoton da yake riƙe da gita wanda ya ba mu na bango, na tara a bayan ɗakin girki na sa wuta. Ban san haka roba ke wari ba. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko taya ake ƙonawa. Malam ya fito ya tsaya ya kalla, ya koma ciki ya ɗauko wani kaset da ke cikin rediyonsa ya jefa. Na ji daɗin haka.

Warin ya kama mini zane. Na wanke sau biyu.

Asabar, 20 ga wata, da la'asar

Akwai tambayar da nake gudu tun ranar farko a kotu. Yau na yi ta.

Na zaunar da ɗiyata Kaltume zan yi mata kitso. Na sa kanta a cinyata don kada ta ga fuskata. Shekararta takwas, kuma kowace sallah a Shagari take yin ta wurin Inna. Ina tsaga ina tambayar ta kamar hira: in kun je Shagari ina kuke wasa, wa da wa, me kuke ci. Sai na ce, gidan Kawu mai kiɗa fa, kina shiga?

Ta turo baki ta ce ita ba ta taɓa shiga ba, kuma abin yana ba ta haushi, don kowa na shiga ana ba shi alewa. Inna ce ke hana ta. Ta ce sau ɗaya ta bi Atika har bakin ƙofa, sai ga Inna a guje ko mayafi babu, ta fizgo ta, ta zane ta da tsintsiya, ta ce in ta ƙara taka wurin sai ta karya mata ƙafa. Atika kuma ta shige.

Na ƙanƙame ta har ta ce ina ja mata gashi. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, shi kaɗai bakina ke faɗi.

Sai da na kai rabin kai na tambaye ta yaushe aka yi wannan. Ta ce sallar da aka saya mata jan takalmin roba.

Bara waccan ke nan. Lokacin ba wanda ya ce komai. Ba 'yan sanda, ba kotu, ba ko raɗe-raɗi.

Kitson ya karkace. Gobe sai an tsefe.

Lahadi, magariba

A guje. Ko mayafi babu.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Na gaya wa Malam. Ya ce mahaifiya mahaifiya ce, in bi a hankali, kada in faɗi abin da zan zo ina nadama. Na ce to me zan faɗa wanda ba zan yi nadama ba? Ya fita layin sabulu da madara da aka ce an kawo, ya yini soja na gyara musu sahu da bulala, ya dawo da gwangwani ɗaya.

Asabar, 27 ga wata, Shagari, da azahar

Ina rubutu a zauren ƙanwar Baba, don ban shirya shiga wurin Inna ba tukuna.

Na je gidan Rahamatu da safe. Gidan da a da ba ka jin maganarka saboda mata masu zuwa aron turmi da sayen daddawa, yau tsit. Na yi sallama har sau uku. Tana daka ita kaɗai, ɗan geron da bai rufe gindin turmi ba. Ta amsa ba ta ɗago ba. Ta tsufa a wata shida.

Ta ce, "Aiko ki anka yi?"

Na ce, "Awo."

"To hwaɗi."

"Ba ni hwaɗi."

Ta tsaya da dakan ta dube ni sosai. Na ajiye mayafi na karɓi taɓaryar. Na daka, ta sheƙe, na sake dakawa. Sai da muka gama ta fara magana, a hankali, kamar mai ba da labarin wasu. An daina sayen daddawarta. Mata sun hana 'ya'yansu wasa da Atika, har waɗanda nasu 'ya'yan ma abin ya shafa, wai ita ce ta tona. A majalisa ana cewa Bala ya zubar da mutuncin gari, ya kai ɗan gari hannun hukuma, kuma ya ɓata ɗiyarsa da bakinsa. Wani dattijo ya tare shi a hanyar masallaci ya ce da ya yi shiru da yanzu an wuce wurin. Atika ba ta fita. In ta ji kiɗan da samarin nan ke sawa sai ta shige ƙarƙashin gado, kuma suna sawa kullum.

Ban ga yarinyar ba. Na ji motsi a bayan labule, Rahamatu ba ta kira ta ba, ni ma ban nema ba.

Ta ce za su tashi. Yayan Bala yana da fadama a Bodinga, za su shiga aikin albasa tare. Na ce in sun zo a kawo Atika makarantarmu, ni zan tsaya a kai. Ta ce to, Allah shi kai mu. Ba ta raka ni ba, amma ta ce in gaida Kaltume.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 28 ga wata, Bodinga, da hantsi

Jiya bayan la'asar na shiga wurin Inna. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Auta, ko ya ci dambun, ko ya rame. Na ce ya ci.

Na ce, "Inna, don mi kinka hana Kaltume shiga gidanai?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta ce ƙarar injin nan ba ta da kyau ga kunnen yaro.

Na ce, "Ɗiyan maƙwabta ba su da kunne?"

Ta ci gaba da tsinta. Tana fitar da tsakuwa tana ajiyewa a gefen tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"Jikata nit tsare. Kowa shi tsare nashi."

Wannan matar ce ta koya mini alwala. Ita ce ta taɓa mayar da ni kasuwa a tsakiyar rana don na dawo da ƙwayar goro ɗaya da ba tamu ba.

Muna haka Kawu Arzika ya shigo yana tambayar yadda muka yi da Rahamatu. Ina durƙushe na gaya masa na je, ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Na ce in lauya ya kira ni shaida, abin da na ji a gidan yari da abin da Kaltume ta gaya mini su zan faɗa. Ban ɗaga murya ba. Ya ce boko ya cinye mini zuciya. Ya ce tunda na zaɓi bare, in riƙe su, ranar da Inna ta faɗi kada in zo. Na juya wajen Inna ko za ta ce wani abu. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki ta saki labule.

Na fito na bi ta gaban samarin da kaset ɗinsu. Ɗaya ya ce, ga Yayar Tsawa, suka gaishe ni da girmamawa.

Talata, da asuba

Na yi mafarki ina goye da shi yana jariri, ina ta neman inda zan sauke shi.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Labari yana zuwa ko ba ka nema ba. Direban Shagari ya ce Ɗanmalam da sauran makaɗan sun zo da a-kori-kura sun kwashe lasifikoki da ganguna da janareto, sun ce da ma guminsu ne. Sun canza suna, suna wasa a wani otal a Gusau, kuma duk wanda ya tambaye su sai su ce su ba su taɓa sanin komai ba. A gida ɗaya suke yini da shi. Gitar kaɗai suka bari, Inna ta kai ta ɗakinta.

Lauya ya ce ba tare da gidan Bala ba, ba abin da zai iya. Manyan da yake yi wa waƙa wasu suna tsare, wasu sun tsallaka iyaka, waɗanda suka rage sun ce ba su san shi ba sai a rediyo. Rediyon ma ta daina. Mai sayar da kaset a kasuwarmu yana ɗora wa'azi a kan nasa, Malam ya ce in ka saurara da kyau kana jin gitar can ƙasa-ƙasa a bayan muryar malamin. Wanzamai sun samu aiki, samari na layin aske gashi. Waɗanda suka ɗaga masa hannu a kotu su ne yanzu suke tofar da yawu in an ambace shi, da bakin da suke rera "Ruwan Bana".

Na ɗauka zan ji sanyi. Ƙyama kawai nake ji, ta kowa, har da ni da nake zaune ina rubuta wannan da hannu mai tsabta.

Juma'a, magariba

Na ci tuwo rabi. Malam ya lura, ya yi kamar bai lura ba.

Litinin, 5 ga wata, da azahar

Su Rahamatu sun iso tun Asabar. Yau aka kawo Atika.

Na shirya tun jiya. Na sa an share aji, na ware mata wuri a benci na gaba kusa da Kaltume, da ma a ajina take, na saya mata littafi da fensir. Ina tsaka da darasi Malam Mode ya shigo da ita, Rahamatu ta tsaya a baranda. Yarinya siririya cikin sabon yunifom da ya yi mata yawa, kanta a ƙasa. Na ajiye alli na nufe ta, na sunkuya, na ce, Atika, sannu da zuwa. Na yi mata murmushi.

Ta ɗago ta dube ni.

Ban taɓa ganin fuskar yaro ta yi haka ba. Ta ja da baya har ta bugi bango, ta tsuguna, ta rufe kanta da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Wani ɗan sauti take yi kamar numfashi ya maƙale. Na miƙa hannu, ta ƙara dunƙulewa. Rahamatu ta shigo ta ɗauke ta cak kamar jaririya ta fita da ita.

Na bi su gindin bedi, dogonyaron makarantar. Rahamatu ta ɗaga mini hannu in tsaya daga nesa. Da yarinyar ta lafa ta bar ta da wata malama ta zo wurina. Ba ta yi fushi ba, wannan ne ma abin. Ta ce ita ma ba ta yi tunanin haka ba, don ita ta saba da ni tun muna yara.

"Kamarku da shi ta ɓaci, Safinatu. Wushiryar ga. In kinka yi murmushi, shi na."

Litinin, bayan la'asar

Na tsaya gaban madubi. Goshin, hancin, wushiryar. Shekara da shekaru in an tare ni a mota an ce ke ba yayar Tsawa ba ce, daɗi nake ji, har in ƙara buɗe haƙora.

Na juya madubin ya kalli bango.

Talata, da azahar

Atika ba ta zo ba.

Malam Mode ya ce a mayar da ita ajin wani malami. Na ce makarantar fili ɗaya ce, taron safe ɗaya, randar ruwa ɗaya. Ina zan ɓoye? Ya ce to sai dai iyayenta su nemi wata makarantar. Na ce an riga an tashe su daga gari guda.

Na tambaye shi ko har yanzu makarantar Dingyadi na neman malama mace. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce shekara tara ina nan, ni ce mai bi masa, in ya yi ritaya kujerar tawa ce. Ya ce can ba benci, yara a ƙasa suke zama, kuma ba kullum ake samun mota ba. Na ce na sani. Ya ce ba ni na yi laifin ba. Na ce Atika ma ba ita ta yi ba.

Ya ce zai kai maganar ofishin ilimi da kansa.

Malam Sodangi ya ce in mai ya samu zai riƙa kai ni a babur, in bai samu ba Allah na nan.

Litinin, 12 ga Nuwamba, magariba

Yau na fara Dingyadi. Ɗaki biyu, rufin ɗaya ya yaye. Yara suna zaune a kan buhuna. Ba mota a dawowa, na tako har wani mai amalanken jaki ya rage mini hanya. Ƙafafuna sun kumbura. Ban yi murmushi ba duk yini, yaran sun ɗauka ni mai zafi ce. Za su saba, ko ni in saba.

Daga Shagari ba saƙo.

Kaltume ta tare ni a ƙofa tana ba ni labarin sabon malaminsu, wai yana da sanƙo kuma bai iya zana taswira ba. Ina cire takalmi na tambaye ta wa da wa suka zo. Ta ce Atika ta zo. Ta zauna a bencinsu har aka tashi, ba ta yi magana da kowa ba, sai dab da tashi ta taɓa ta ta ce ta ara mata abin goge fensir.

Na riƙo haɓar Kaltume na juya fuskarta wajen fitila na duba da kyau. Ubanta ta biyo, kaf. Na gode wa Allah, na ce ta je ta kawo mini ruwa.